Zauren Shafinku: Shawarwari Don Kowace Waya Ta Ga Ƙofa

Gidaje da yawa yanzu suna da ɗan shafinsu a intanet. Uwargida tana haɗa turaren wuta da humra, ko maigida yana da shagon yadi, sai ɗa ko 'ya da ta taɓa kwamfuta a makaranta ta ce za ta yi musu shafi. Haka aka yi a gidan yayata. Kwana uku 'yarta tana kan aikin, ta jera hanyoyin shiga a saman shafin: Shafin Farko, Kayanmu, Farashi, Tuntuɓe Mu. A kwamfutarta sun zauna reras kamar jeren ɗakin amarya. Bayan magariba ta tura wa mahaifiyarta adireshin. Yaya ta buɗe a wayarta, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke, ta ina ake shiga? Ni wani ɗan akwati kawai nake gani, ba komai a cikinsa." Yarinyar ta juyo wajena, ta ce, "Wallahi Kawu, a wajena lafiya lau yake."

Wannan jeren da ake kira menu shi ne zauren shafi. Baƙon da ya rasa zaure ba ya tsallaka katanga, komawa yake yi, kuma da kuɗinsa zai koma. Abin da nake so gidaje su riƙe shi ne, ba a neman menu ya fito sak iri ɗaya a kowace waya. Ana neman kowa ya gan shi, ya karanta shi, ya taɓa shi ya buɗe. Kayan gwajin kuwa suna nan cikin gida, a aljihun Baba da jakar Inna.

1. Ku fara ƙirga burauzojin gidanku

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafi da ita. Sunayensu da yawa, amma injinan da ke cikinsu kaɗan ne. Chrome da Edge da Opera da Samsung Internet duk injin Blink ne ke jan su, wanda Google ya ɓalle da shi daga WebKit a 2013. Safari na Apple yana kan WebKit. Firefox na da nasa, Gecko. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: Chrome ɗin da ke kan iPhone a hannun mutanenmu suna ne kawai ya bambanta shi, injin Safari ne a cikinsa. Saboda haka wanda ya gwada shafi a Chrome da Edge da Opera ya ce ya gwada uku, ɗaya ya gwada.

Ku ɗauki takarda ku rubuta wayar kowa da abin da yake buɗe shafi da shi. Kada ku manta Facebook da Instagram suna buɗe shafi a cikin kansu, ba tare da sun miƙa shi ga burauzar wayar ba, kuma ta nan masu saye da yawa za su iso muku. Ita kuwa Internet Explorer, wadda ta sha wahalar da masu gina shafi shekara da shekaru, Microsoft ya yi mata ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022. Kada yaronku ya ɓata dare saboda ita.

2. A yi ginin kafin a yi shafe

Shafi kashi biyu ne: HTML shi ne tubali, CSS shi ne shafe da fenti. A gina menu da tubalin da aka yi dominsa: nav a waje, jerin ul a ciki, kowane suna a cikin li, kowace hanya kuma a. Gwajinsa mai sauƙi ne. A cire fayil ɗin CSS gaba ɗaya a sake buɗe shafin. Idan aka ga sunayen sun jeru ɗaya ƙarƙashin ɗaya, shuɗaye, ana iya taɓa kowanne, to ginin ya yi. Ranar da sabis ya yi rauni ado ya ƙi saukowa, wannan jeren mai saye zai gani. Kuma da wannan tubalin ne manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu, TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone, suke gane cewa nan ne hanyoyin shafi.

3. A share adon da burauza ta zo da shi daga gidansu

Nan ne asalin rikicin, don haka zan ɗan tsaya. Kowace burauza tana da nata adon na gado, wanda take shafa wa shafi idan mai shi bai faɗi abin da yake so ba. Ita ce ke barin tazarar fiksel 8 a gefen shafi, ta tura jeri ciki da fiksel 40, ta ɗora ɗigo a gaban kowane suna, ta ja layi a ƙarƙashin hanya, ta mai da wadda aka taɓa shiga launin shunayya. A da bambancin ya fi haka muni, domin wata burauzar da tazarar waje take tura jeri, wata da tazarar ciki, sai ka goge ɗaya ka ga gyaran bai kama a ɗayar ba. Shi ya sa har yau ake goge duka biyun.

Maganin da masu sana'ar suka saba da shi biyu ne. Eric Meyer ya fitar da nasa a 2007, wanda ke kankare komai a fara daga fili. Daga baya Nicolas Gallagher ya zo da Normalize.css, wanda ba ya kankarewa, daidaita burauzojin kawai yake yi su tsaya sahu ɗaya. Ga ƙaramin shafin gida, ni ban ga dalilin kwaso dogon fayil ɗin wani ba. Layi kaɗan sun isa: a kan jerin menu a rubuta margin: 0 da padding: 0 da list-style: none. Sannan a saman fayil ɗin a ba kowane abu box-sizing: border-box. Ma'anar wannan na ƙarshe, idan ka ce faɗin abu fiksel 120 ne, to har da bangonsa da tazararsa ta ciki ake nufi. In ba haka ba, lissafin zai zama irin na telan da ya auna yadi ya manta da kalmasa: abu huɗu da ya kamata su shiga layi ɗaya, sai na huɗun ya faɗo ƙasa.

Maɓalli ma yana da taurin kai. Ba ya gadon zubin rubutun shafi, kuma kowace burauza da launin da take ba shi. A faɗa masa ƙarara: font: inherit, a ba shi launin rubutu da launin baya.

4. Layi biyu da ba a wasa da su

A can saman shafi, cikin head, dole a sa layin viewport mai cewa width=device-width. In babu shi, waya za ta ɗauka faɗin shafin fiksel 980 ne, ta matse shi, menu ya koma kamar sawun tururuwa. Na biyu, charset ya zama UTF-8, kuma a rubuta lang="ha" a buɗin shafin. Amfaninsu zai fito a shawara ta shida.

5. A jera da flex, a bar wa Hausa wuri

Tsofaffin darussa da ke yawo suna koyar da jera menu da float ko inline-block. Na farkon yana buƙatar dabarun gyara, na biyun kuma yana barin wata 'yar tazara tsakanin sunaye wadda girmanta ke bin girman rubutu. Yau display: flex ya wadatar, duk injinan nan uku sun daɗe da saninsa.

Amma a haɗa shi da flex-wrap: wrap, saboda wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin samfuran shafi da ake saukowa kyauta don gajerun kalmomin Turanci aka yanka su. Kalma mai harafi huɗu, in ta zo Hausa sai ta zama Shafin Farko. Mai harafi bakwai ta zama Tuntuɓe Mu. Idan an ƙayyade faɗi ko tsayi da ƙarfi, rubutun zai tsallake iyaka ko a datse masa wutsiya. A bar suna ya ɗauki wurin da ya ishe shi, in layi ya cika ya sauko na biyu. Kuma a rage yawan sunayen. Gidan da ke sayar da turare ba ya buƙatar ƙofa tara. Huɗu ko biyar sun yi.

Akwai wani tarko a nan. Umarnin gap, mai sa tazara tsakanin sunaye, Firefox ta karɓe shi a cikin flex tun 2018, Chrome a 2020, Safari sai a 2021. Safari kuwa tare da manhajar wayar take sabuntuwa, kuma iPhone 6 ta tsaya a iOS 12. Irin waɗannan wayoyi na hannu har yanzu suna canza hannu a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. A kansu gap ba ya aiki, sunayen sai su manne da juna. Idan an ba kowace hanya tata tazarar ciki da padding, matsalar ba za ta taso ba ko a tsohuwar waya.

6. Haruffanmu masu ƙugiya

Wannan ita ce shawarar da ta fi damuna, domin ba za ku same ta a darussan da aka rubuta don wasu harsuna ba. Ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, ba kowane zubin rubutu ne ke ɗauke da su ba. Idan zubin da kuka zaɓa ba shi da su, ɗayan biyu ke faruwa. Ko burauza ta aro harafin daga wani zubin, sai ka ga ɓ ɗin Tuntuɓe ya fi 'yan'uwansa siranta ko ya ɗan tashi sama, kamar baƙo a sahun 'yan gida. Ko kuma ta rasa inda za ta aro, ta sa fanko mai kusurwa huɗu. Masu sana'ar suna kiran wannan fankon tofu, wato awara, don kamar yankan awara yake. Daga nan Google ya samo sunan zubinsa Noto, wanda aka yi da nufin kada a ƙara ganin awarar nan a kowane harshe. Noto Sans na ɗauke da haruffanmu, haka ma Andika da Charis na ƙungiyar SIL.

Tun da kowace waya da wurin da take aro, sakamakon yakan bambanta daga hannu zuwa hannu. Kafin ku amince da wani zubi, ku rubuta da shi: Ɓawon ƙwai a ɗaki. Ku ƙara da Ƙofa da Ɗinki, domin wani zubin yana da ƙananan ba shi da manyan, kuma menu da yawa da manyan baƙaƙe ake rubuta su. Ku duba da siririn rubutu, ku duba da mai kauri.

Abin da nake roƙo kada a yi shi ne a gaji a cire ƙugiyar. Na sha ganin an rubuta Dinki a wurin Ɗinki don kawai a huta. Kasa da ƙasa ba abu ɗaya ba ne, haka ma bari da ɓari. Zubin ne ya gaza, shi za a canza.

Wanda kuma yake son sa ajami a shafinsa, misali na islamiyya, ya sa dir="rtl" a wurin, ya yi amfani da margin-inline maimakon ambaton hagu da dama. Jeren flex da kansa zai juya ya fara daga dama.

7. Yatsa ba linzamin kwamfuta ba ne

A kwamfuta kana iya ɗora kibiya a kan suna ba tare da ka danna ba, sai ƙaramin jeri ya zubo ƙasa. Waya ba ta san wannan shawagin ba, taɓawa kawai ta sani. Kowace burauza da yadda take kwaikwayon abin: wata ta buɗe jerin, wata ta wuce kai tsaye cikin shafin, wata ta bar launin ya maƙale bayan an ɗaga yatsa. Don haka kada wata hanya ta dogara da wannan shawagin, wato hover, kaɗai. A sa adon shawagi a cikin @media (hover: hover), na'urar da ke da linzami ita kaɗai za ta ɗauka. Mafi sauƙi ma, ƙaramin shafi ya haƙura da jeri mai zubowa.

Sai girman wurin taɓawa. Apple ya ba da shawarar fiksel 44 a tsaye 44 a kwance, Google ya ce 48. Ku tuna da hannun mai saye: dattijo ne mai kaurin yatsa, ko mace ce tana cikin Keke Napep ana gargada, ko hannunta da ɗanshin wanke-wanke. A ba hanyar display: block da tazarar ciki mai yalwa, ta yadda duk akwatin zai amsa, ba rubutun kaɗai ba.

8. Alamar nan mai layi uku

Ita ce ta ɓace a wayar Yaya. Tsohuwar alama ce, Norm Cox ya zana ta don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, wayoyin zamani suka dawo da ita. Abin da ya faru a gidanmu, yarinyar ta ɗauko alamar daga wani fayil ɗin haruffan ado da sai an sauke shi daga waje, wayar mahaifiyarta kuwa a kan tsimin data take, fayil ɗin bai iso ba, sai awara ta maye gurbinsa. Gyaran bai kai minti goma ba: aka zana layukan uku da SVG a cikin shafin kansa, aka rubuta kalma a gefensu. Ni ina ganin kalmar ta fi alamar muhimmanci. Matasa sun san ma'anar layi uku, iyayensu da yawa ba su sani ba, kuma su ne masu kuɗin sayen. A rubuta Menu, ko Zaɓi, ko Shiga Nan.

Tun da an zo kan tsimin data, ya kamata a fahimci yadda burauzar Opera Mini ke aiki, domin tun fitowarta a 2005 ta zama abokiyar masu ƙaramin data. A matakinta na tsimi mafi tsanani, shafi ba ya zuwa waya kai tsaye. Yakan biya ta manyan kwamfutocin kamfanin, su haɗa shi, su matse shi, sannan su turo. A hanyar nan ana sauke kaya: zubin rubutu na waje, lanƙwasar kusurwa, launi mai sirkawa, kuma JavaScript, wato umarnin da ke motsa abubuwan shafi, ba ya samun sakewa yadda yake samu a sauran. Wannan ciniki ne da mai wayar ya zaɓa da saninsa, ya ba da ado ya karɓi sauƙin kuɗi. Idan menu ya fito masa da kusurwa masu kaifi maimakon lanƙwasassu, babu asara. Idan ya ƙi buɗewa, an yi asarar ciniki.

Dabarar ita ce menu ya kasance a buɗe tun asali, sai JavaScript ya zo ya naɗe shi. In bai zo ba, hanyoyin suna nan a fili. Ko a yi amfani da details da summary, waɗanda ke buɗewa da rufewa da kansu, burauzar da ba ta san su ba kuma sai ta nuna jerin a shimfiɗe.

9. Launin da zai jure rana

Toka-toka a kan fari yana da kyau a ɗaki mai labule. A fita da wayar tsakar gida da azahar a gani. Ƙa'idar WCAG ta nemi bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. A kuma gwada da yanayin duhu, domin wasu burauzoji, irin su Samsung Internet, suna iya juya launukan shafi da kansu. Girman rubutu a auna shi da rem, don wanda ya ƙara girman haruffa a burauzarsa saboda raunin ido ya ga menu ya bi shi. Zoben da ke kewaye hanya idan ana tafiya da maɓallin Tab kuma kada a goge shi. Akwai masu amfani da kwamfuta da shi kaɗai ke nuna musu inda suke.

10. A rubuta tsoho, a bi shi da sabo

CSS, wanda Håkon Wium Lie ɗan ƙasar Norway ya gabatar a 1994, yana da wani hali mai amfani: layin da burauza ba ta gane ba, tsallake shi take yi ta ci gaba. Ga yadda ake cin moriyarsa. Menu mai rufe fuskar waya duka akan ba shi tsayin 100vh, amma a waya sandar adireshi tana cin wani sashe, sai suna na ƙarshe ya ɓuya a ƙasa, kuma sau da yawa Tuntuɓe Mu ne. Sabon ma'auni, 100dvh, ya magance wannan, ya shiga manyan burauzoji a 2022. A rubuta tsohon a sama, sabon a ƙasansa. Sabuwar waya ta ɗauki na biyu, tsohuwa ta riƙe na farko.

Kafin a yi amfani da duk wani umarnin da ba a saba da shi ba, a duba shi a caniuse.com. Kore na nufin burauza ta karɓa, ja ba ta karɓa ba.

11. Zaman gwaji bayan cin abincin dare

A tara wayoyin gida a kan tabarma ɗaya, a fara da mafi tsufa da ƙanƙanta. Mai ginin ya ja bakinsa ya yi shiru, kada ya nuna wa kowa inda zai taɓa. A ce wa Inna ta nemo farashin humra, a ce wa Baba ya nemo lambar waya, a ba autan gida ya danna duk abin da ya ga dama. A juya wayar a kwance. A kashe wayifai a koma kan data. In babu iPhone a gidan, a aro ta maƙwabta na minti biyar, don babu abin da ke maye gurbin ganin Safari da ido. A kwamfuta kuma a buɗe Firefox.

Idan an yi gyara wata waya ta ci gaba da nuna tsohon fasali, ba lallai gyaran ne bai yi ba. Burauza takan ajiye tsohon fayil ɗin ado don ta rage cin data. A ƙara wa sunansa lamba, style.css?v=2, sai kowace waya ta sauko da sabon.

A daren da muka yi namu zaman, da aka zo kan wayar Yaya, ta miƙa yatsa ta taɓa inda aka rubuta Shiga Nan, sunaye huɗu suka sauko. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ta tsaya a Farashi, ta buɗe, ta ɗago kai ta ce, "Yauwa. To amma wa ya ce miki wannan ne kuɗin ƙaramar kwalba? Zo ki gyara, tun watan jiya na ƙara."